Mawaƙa a Gaban Duwatsun Roma

Ƙungiyar mawaƙan Ikkilisiya idan ta sami gayyata zuwa ƙasar Italiya, akan keɓe mata yini guda a birnin Roma domin yawon buɗe ido. An yi waƙa an gaji, sai shugabanni su ce yau a huta a ga gari. Sau da yawa motar takan fara tsayawa ne a Kolosiyum, babban filin wasan nan na dā, mawaƙa su jeru cikin anko, a yi murmushi a ɗauki hoto. Hoton nan shi ne yakan dawo gida a rataye shi a falo. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ya kamata mai bi ya yi da idonsa a irin wannan wuri?

Akwai dattawan da ke ganin yinin nan ɓarna ne. Suna cewa kuɗin jirgi daga baikon jama'a ya fito, har da na gwauraye, kuma waƙa aka aike su yi. Maganarsu tana da nauyi, amma ba ta kai ga hana yawon ba. Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna Manzo Bulus yana zagaya Atina yana duban wuraren sujadarsu, kuma abin da ya gani a kan wani bagadi da shi ya buɗe wa'azinsa. Matsalar tana ga irin duban da ake yi.

A dubi Kolosiyum ɗin kansa. Sarki Basfasiyan ne ya fara gina shi wajen shekara ta 72 bayan haihuwar Almasihu, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasanni na kwana ɗari. Yana ɗaukar mutum wajen 50,000, kuma abin da suke taruwa su kalla shi ne mutum yana kashe mutum, ko namun jeji suna yayyaga wanda aka yanke wa hukunci. Titus ɗin nan shi ne ya rushe Urushalima da Haikalinta a shekara ta 70, masana da dama kuma sun tafi a kan cewa da ganimar yaƙin aka yi ginin. Kusa da wurin akwai ƙofar da aka gina don tunawa da nasararsa, inda aka sassaƙa sojoji suna ɗauke da alkuki mai rassa bakwai na Haikali. Mawaƙin da ke rera zaburar Sihiyona yana iya wucewa ta gabanta yana shan askirim bai san abin da ya wuce ba.

Gaskiya ta wajaba a nan. Babu tabbatacciyar shaida cewa a Kolosiyum aka kashe yawancin shahidan Roma. Kisan da Niro ya yi wa masu bi bayan gobarar shekara ta 64 ya riga ginin, an kuma yi shi ne a lambunsa, wajen inda Batikan yake a yau. Amma jinin bawa da na fursunan yaƙi ma jini ne, ba sai na Kirista ba kafin wuri ya cancanci natsuwa.

Shin laifi ne a yi sha'awar ginin? Almajiran Yesu sun yi sha'awar manyan duwatsun Haikali, kamar yadda Markus sura 13 ta faɗa. Ubangiji bai tsawata musu ba, ya dai gaya musu cewa duk za a rushe. Gwanintar magini baiwa ce daga Allah, ko da wanda ya sa aikin azzalumi ne, kuma wanda ya ƙi ganin kyau bai ƙara tsarki da hakan ba. Haɗarin yana wani wuri. Agustin ya ba da labarin abokinsa Alifiyus, wanda abokai suka ja shi zuwa kallon faɗan nan a Roma. Ya rufe ido yana taƙama cewa zuciyarsa ba ta wurin. Da taron ya ɓarke da ihu sai ya buɗe ido, ya ga jini, daga ranar ya zama mai jan wasu zuwa kallon. An gina wurin ne domin a mai da wahalar mutum abin nishaɗi, wanda kuwa ya tsaya yau yana raha a bakin ramukan da aka tsare mutane da namun jeji, ya ɗan ɗana abin da 'yan kallon dā suka ɗana.

Saboda haka yinin yana bukatar shiri kamar yadda waƙa take bukatar gwaji. Fasto ko shugaban mawaƙa ya ba da tarihin wurin tun a mota. A ɗauki hoton, amma a fara da yin shiru. In kuwa lokaci ya ƙure, gara a rage na kasuwa a fita bayan gari ta tsohuwar hanyar Afiya, wadda Bulus ya biyo zuwa Roma yana ɗaurarre. A gefenta akwai kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kalistus, inda masu bi na ƙarni na uku suka binne 'yan'uwansu a ramukan da aka sara a jikin bango, suka zana kifi da makiyayi ɗauke da tunkiya. Hanyoyin ƙunci ne, sai mutum ɗaya yana bin bayan ɗaya, kuma an hana ɗaukar hoto a ciki.