Wa Ke da Haƙƙin Tona Ƙasar Kakanni?

Mas'ala ce da ta daɗe tana raba kan masana: shin kufai da kaburbura da zanen duwatsu da mutanen farko suka bari gadon 'yan Adam ne baki ɗaya, wanda duk mai ilimi ke da ikon buɗewa ya nazarta, ko kuwa amana ce a wuyan zuriyar da ta gaje su, ba a taɓawa sai da izninta? Babu inda wannan saɓani ya tsananta kamar Ostireliya, ƙasar da Turawan Ingila suka sauka a 1788 suka ɗauke ta tamkar ba ta da mai ita, zancen da bai rushe ba sai a 1992, sa'ad da babbar kotun ƙasar ta yanke shari'ar Mabo.

A 1968 wani masani, Jim Bowler, ya tsinci ƙasusuwan wata mata a busasshen tafkin Mungo, a 1974 kuma na wani namiji, waɗanda awo ya nuna sun kai shekara wajen 40,000, aka kwashe su zuwa Kanbera ba tare da shawartar mutanen wurin ba. Haƙiƙa ilimi ya ƙaru, domin an gane cewa tun wancan zamani ana yi wa mamaci jana'iza. Amma zuriyar ta ɗauki abin a matsayin keta alfarma, ta dinga nema har aka mayar mata da matar a 1992, namijin kuwa sai a 2017. Wanda ya karanta fiƙihu, ya san alfarmar mamaci kamar ta rayayye ce, kuma ba a tona kabari sai bisa larura, ba zai yi mamakin wannan ƙorafi ba.

Daga nan hikimar horar da 'yan asalin ƙasa masu kula da filayen kakanninsu ta bayyana, waɗanda gwamnati ta fara biyan albashinsu a ƙarƙashin shirin Working on Country a 2007. Ana koya wa da yawa daga cikinsu auna fili da zana taswira, da rubuta bayanin zanen duwatsu, da karanta yadda ƙasa ta hau kan ƙasa zamani bayan zamani. Malaman hadisi sun rarrabe riwaya da diraya, wato karɓar labari daga magabata da kuma auna ingancinsa, suka ce ɗaya ba ya wadatarwa daga ɗaya. To, dattijon da ya gaji labarin wuri yana da riwaya, mai haƙa yana da diraya, horon kuwa yana tara su a ƙirjin mutum guda. Mutanen Gunditjmara sun san magudanan dutse da kakanninsu suka gina a Budj Bim domin kamun kifi, awon gawayi ya nuna waɗansunsu sun kai shekara 6,600, da shaidun biyu suka haɗu UNESCO ta sa wurin cikin gadon duniya a 2019.

Sai dai ilimi ba tare da iko ba bai tsare kowa ba. A watan Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan, inda aka tabbatar da zaman mutane na shekara 46,000, alhali rahoton masana yana hannunsa, doka kuma ta sahale masa. Saboda haka horon da ya tsaya ga samar wa baƙi 'yan rakiya masu ɗaukar shebur bai cika sharaɗin adalci ba. Wajibi ne wanda aka koya wa tono a ba shi ikon cewa a tona, da ikon cewa a bari, da ikon ɓoye abin da al'adarsa ta hana bayyanawa.