KO JAMI'A TA IYA KOYA WA MUTUM RIƘON AMANA?

A zamanin nan jami'o'i da yawa suna da sashe inda a ke koyar da tafiyar da harkokin ciniki. Yaro ya kan shiga, ya yi shekara huɗu, ya sami digiri na fari. Bayan ya taɓa aiki kaɗan ya kan komo ya ƙara shekara ɗaya ko biyu domin digiri na biyu, wanda a ke kira MBA. Cikin 'ya'yanmu ma akwai masu wannan karatu a Zariya da Kano da Jos. Suna koyon riƙon littattafan kuɗi, da hanyar neman jari, da dabarun sayar da kaya, da shugabancin ma'aikata. In sun gama, da yawansu su kan zama manajoji.

To, wane ne manaja? Shi ne mutumin da a ka danƙa wa dukiyar da ba tasa ba. Jarin na waɗansu ne, gumin na ma'aikata ne, kuɗin da ke shigowa kuwa daga aljihun masu saye ya fito. Duk waɗannan ba sa ganin abin da ya ke yi a ofis. Watau aikinsa riƙon amana ne. Sabo da haka ya kamata mu tambaya: makarantar da ta koya masa lissafin riba, ta iya koya masa riƙon amana kuma?

NUFIN WAƊANDA SU KA FARA

Wannan karatu bai tsufa kamar na likita ko na lauya ba. An buɗe wata makarantar ciniki a birnin Faris a 1819, amma ba cikin jami'a ba. A 1881 wani attajirin Amurka mai masana'antun ƙarfe, Joseph Wharton, ya ba Jami'ar Fensilbaniya dala 100,000 domin a kafa makarantar ciniki a cikinta. A takardar da ya bayyana nufinsa ya ce a nuna wa ɗalibai cewa mugun abu ne mutum ya nemi arziki ta hanyar cinye na ɗan'uwansa, maimakon ya same shi ta wurin yi wa mutane wani aiki mai amfani. Jami'ar Harvard ta buɗe tata makarantar a 1908, ita ce kuwa ta fara ba da digirin MBA. Begensu shi ne manaja ya zama kamar likita, mai ilmi, mai kuma ka'idar da ba ya ƙetarewa ko da za a biya shi.

Daga baya iska ta juya. A 1959 gidauniyar Ford da ta Carnegie su ka fitar da rahotanni biyu, su ka ce karatun ba shi da zurfi. Sai makarantu su ka dukufa kan lissafi da ƙididdiga da ilmin tattalin arziki. Wannan ya gyara abubuwa da yawa. Amma abin da a ke iya ƙirgawa ya sami babbar kujera a aji, abin da ba ya ƙirguwa kuwa ya koma bakin ƙofa. A 1970 wani shahararren malami na Jami'ar Shikago, Milton Friedman, ya rubuta cewa hakkin da ke wuyan kamfani shi ne ya ƙara riba domin masu hannun jari, muddin bai karya doka ba, bai kuwa yi zamba ba. Mutane da yawa su ka riƙe farkon maganarsa, su ka manta da ƙarshenta.

ƊALIBAI BIYU NA MAKARANTA GUDA

Bari mu duba mutum biyu da su ka fito daga makarantar ciniki ta Harvard, shekara 30 tsakaninsu.

James Burke ya gama a 1949. Ya zama shugaban kamfanin Johnson & Johnson. A 1982 wani mugu ya zuba dafi cikin ƙwayoyin maganin ciwon kai na kamfanin, mai suna Tylenol, mutum 7 su ka mutu a yankin Shikago. Ba a masana'antar kamfanin a ka sa dafin ba. Duk da haka Burke ya sa a ka janye kwalabe wajen miliyan 31 daga kantunan ƙasar duka, a ka gargaɗi jama'a kada su sha. Hasarar ta kai wajen dala miliyan 100. Tun 1943 kamfanin yana da rubutacciyar ka'ida wadda ta sa likitoci da marasa lafiya a gaba, sa'an nan ma'aikata, sa'an nan jama'ar gari, masu hannun jari kuwa a ƙarshe. Kafin masifar ta zo Burke ya riga ya tara manyan ma'aikatansa, ya ce ko dai su bi ka'idar nan da gaske, ko kuwa a cire ta daga bango. Da ranar gwaji ta zo, ba su tsaya dogon shawara ba.

Jeffrey Skilling ya gama a 1979, yana cikin haziƙan ajinsa. Ya zama shugaban kamfanin Enron na jihar Teksas, mai cinikin iskar gas da lantarki. A can a kan rubuta ribar da a ke sa rai za a samu shekaru masu zuwa kamar ta riga ta shigo hannu. Basusuka kuwa a kan ɓoye su cikin waɗansu ƙananan kamfanoni da a ka kafa domin haka. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Hannun jari guda da ya kai dala 90 a 2000 ya faɗi ƙasa da dala 1 a ƙarshen 2001, kamfanin ya karye. Dubban ma'aikata su ka rasa aiki, da yawa kuma su ka rasa abin da su ka tara domin tsufa. A 2006 kotu ta sami Skilling da laifin zamba, ya yi shekara 12 a tsare. Enron ma yana da littafin ka'idodin ɗa'a, mai shafi fiye da 60.

Makaranta guda, digiri guda, kowane kamfani kuma da ka'idarsa a rubuce. Me ya raba su?

AMSA BIYU DA BA SU ISA BA

Waɗansu za su ce, "Hali zanen dutse. Mutumin da ya kai shekara 27 ya riga ya ginu. Jami'a maƙeri ce kawai, tana wasa wuƙa. Ko a yanka nama da ita, ko a soki mutum, ba ruwan maƙeri." Akwai gaskiya cikin wannan magana, gama ba a taɓa yin jarrabawar da ta mai da maƙaryaci mai gaskiya ba. Amma ba mu yarda jami'a ta wanke hannunta haka ba. A Harvard ɗalibi ya kan karanta labarin matsalolin kamfanoni wajen 500 cikin shekara biyu, kowace rana a tambaye shi a gaban 'yan ajinsa, "Da kai ne manaja, me za ka yi?" In amsar da a ke yabo kullum ita ce mai kawo riba mafi yawa, in ba a taɓa tambaya ba wa zai cutu, to, an koya masa wani abu game da hali, ko da ba a ambaci kalmar ba. Shirun malami ma darasi ne. Wani malamin makarantar ciniki ta Landan, Sumantra Ghoshal, ya faɗi kusan haka cikin rubutunsa da ya fito a 2005, bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa in ka yi ta koya wa ɗalibai kowane manaja kansa kaɗai ya ke so, ƙarshenta za su zama yadda ka ce. Tauraro ba ya jin abin da masana su ke faɗi a kansa, amma mutum yana ji, ya kan kuwa bi.

Waɗansu kuma za su ce, "Ai ilmin nan ne ya ɓata su. Gara yaro ya koyi ciniki a rumfar ubangidansa kamar dā." Wannan ma ba daidai ba ne. Mudun algus ya girmi jami'a. Ban da haka, ku tuna wadda ta rubuta wa shugaban Enron takardar gargaɗi a watan Agusta na 2001. Sunanta Sherron Watkins, akanta ce, ta yi digirinta biyu a Jami'ar Teksas. Da ba ta san lissafi ba, da ba ta gane ƙaryar da ke cikin littattafan ba. Mai gaskiya marar sani a kan yi sata a gabansa, ya sa hannu a takarda bai san abin da ya amince da shi ba. Wanda ya riƙe dukiyar mutane, jahilcinsa ma cin amana ne.

ABIN DA MU KE GANI

A ganinmu jami'a ba ta iya dasa gaskiya a zuciyar mutum, amma ta iya yi wa abin da a ka riga a ka dasa ban ruwa, ta iya kuma barinsa ya bushe. Aikinta ne ta sa ɗalibi ya saba ganin mutanen da ke bayan lambobi: leburan da za a sallama, da gwauruwar da ta sa ɗan kuɗinta, da mai shan maganin. Makarantun da kansu sun fara ganewa. A 2004 Harvard ta sa darasin alhakin shugaba ya zama dole ga kowane ɗalibin MBA. A 2009, bayan rushewar manyan bankuna, fiye da rabin masu gama karatu a can su ka sa hannu kan alkawarin yin aiki da gaskiya. Abu ne mai kyau, amma alkawarin ba shi da haƙori. Likitan da ya ci amana a kan ƙwace masa izinin aiki. Babu hukumar da ke ƙwace digirin MBA. Har kamfanin da Burke ya shugabanta ma ya sha ƙararraki a kotu daga baya a kan waɗansu kayansa, gama kowane sabon shugaba sai ya sāke zaɓen hanyar da zai bi.

Sabo da haka, ku iyaye, kada ku hana 'ya'yanku wannan karatu, gama ƙasa tana bukatar masu iya riƙon dukiya. Amma kada ku aika da su da hannu wofi kuna cewa malamai za su gyara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya ga uwarsa ta mayar da canjin da a ka ba ta bisa kuskure ya riga ya yi darasin farko. Wanda ya ga ubansa ya yi masa hanyar satar jarrabawa shi ma ya yi nasa. In kuma sun fara aiki, kada tambayarmu ta zama ta mota da gida kaɗai, domin sau da yawa matsin dangi ne ke tura ɗan kirki ya taɓa abin da ba nasa ba.

Ku kuma ɗalibai, ku koyi lissafin nan sosai, har ba mai iya ruɗinku. Amma tun kuna aji ku yanke wa kanku abin da ba za ku yi ba ko da aiki zai tafi, gama ranar gwaji ba ta ba mutum lokacin tunani. Kowace takarda da a ka kawo muku domin sa hannu, ku tambayi kanku: dukiyar wa ce wannan, in mai ita yana tsaye a nan, zan iya karanta masa abin da na rubuta?