Aure, Doka da Mutuncin Ɗan Adam

Kwanakin baya wata uwa daga yankin Gummi ta same mu bayan Misa tana hawaye. An zargi ɗanta da neman maza, samarin unguwa kuma sun lashi takobin far masa. Ta ce, "Fada, in kore shi ne, ko in ɓoye shi?" Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da abin da babu shakka a cikinsa. Ikilisiya tana koyar da cewa aure alkawari ne tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya, kamar yadda Littafin Farawa ya nuna. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na shekarar 2015, wanda ya halatta auren jinsi ɗaya a can, bai canza wannan ba. Bayan takardar da fadar Paparoma ta fitar a Disamba 2023, bishop-bishop ɗinmu na Najeriya sun bayyana cewa ba za a sa wa irin wannan zama albarka a majami'unmu ba. A nan muke tsaye.

Ta fuskar doka kuwa, a Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga masu shaida shi ko taimaka masa. An ƙalubalanci dokar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, amma a Oktoban shekarar kotu ta kori ƙarar, domin mai ƙarar bai nuna cewa dokar ta shafe shi ba. A nan Zamfara kuma, dokar Shari'a da ta fara aiki a shekarar 2000 tana da nata hukunci a kan Musulmi.

To, ashe ƙin amincewa da auren ya ba mu ikon taka mutumin? Ko kusa. Katekizim ɗin da ya kira aikin zunubi, shi ne kuma ya umarce mu, a sashe na 2358, mu karɓi waɗannan mutane da girmamawa da tausayi, mu guji nuna musu bambanci na zalunci. Waliyyi Toma na Akwino ya koyar cewa ba kowane zunubi ne dokar ƙasa za ta hukunta ba. Paparoma Francis ma ya bambanta zunubi da laifi a Janairu 2023. Saboda haka ya halatta Kirista ya tambaya ko kurkuku ce maganin raunin zuciya.

Mu kuma tuna da kanmu. Mu tsiraru ne a Anka da Gummi da Bukkuyum. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ne ya ba mu 'yancin sujada. Sashe na 34 ya kare mutuncin kowa, na 36 kuwa ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Idan muka yi shiru aka yayyaga waɗannan sassa a kan wani, da me za mu suturta kanmu gobe? Mun ga abin da hukuncin taron jama'a ya haifar a Sakkwato a Mayu 2022. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun ce wa uwar nan, "Mama, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zargi ba hujja ba ne. Ko da gaskiya ne, ɗanki ne har gobe. Ki kai shi inda ransa zai tsira, ki faɗa masa gaskiya, ki yi masa addu'a." Ubangijinmu bai wanke aikin matar da aka kama da zina ba, bai kuma bari a jefe ta ba. Allah ya ba mu ikon riƙe waɗannan biyu tare. Amin.