JIKI MAGAYI: TSAKANIN HUTU DA ZAMAN KASHE WANDO

Idan muka tarar da mutum biyu kishingiɗe a gindin bishiya da tsakar rana, ido kaɗai ba zai raba mana su ba. Kowanne ya miƙe ƙafa, kowanne ya lumshe ido. Amma mai yiwuwa ne ɗaya daga gona ya fito bayan ya kai kunyar ƙarshe, ɗayan kuwa tun hantsi yake nan yana bin inuwa, in ta gusa ya gusa. In aka tambaye su, kowa zai ce hutawa yake yi. Abin da muke so mu tattauna a wannan maƙala shi ne, ta yaya mutum zai gane wa kansa ko hutu yake yi, ko kuwa ya tsaya ne cik, rayuwa tana wuce shi?

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. A shekarar 2022 jami'o'in gwamnati a ƙasar nan sun yi wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malamai. Da aka dawo, mun ga ɗalibai iri biyu. Wasu sun dawo da ƙishirwar karatu. Wasu kuwa sun dawo jiki a mace, alƙalami ma nauyi yake yi musu, alhali ba dutse suka fasa a gida ba. Irin wannan zama ne ke jiran da yawa daga cikinmu bayan an gama bautar ƙasa, lokacin da ake zaman jiran takardar ɗaukar aiki. Ke nan duk ɗalibin da bai iya rarrabe waɗannan abubuwa biyu ba, yana iya asarar shekarun ƙuruciyarsa yana tsammanin numfasawa yake yi.

Harshenmu ya riga ya yi rabon. A ɓangare guda muna da hutu da shaƙatawa da sararawa da shan iska. A ɗaya ɓangaren muna da lalaci da kasala da ragwanci da zaman kashe wando. Manomi ma ya san bambancin. Gonar da ya bari ta shekara biyu ko uku ba a nome ta ba, sunanta saura. Ciyawa za ta rufe ta, dabbobi su yi kiwo su bar taki, ƙarfin ƙasa ya dawo, ran da aka sa mata garma ta ba da amfani. Fako kuwa shi ma ba a noma shi, amma ya daskare, ko ruwan sama ya sauka sai ya gangare ya bar shi. Daga nesa duka biyun filin da ba shuka ne. Bambancin yana can cikin ƙasa, inda ɗaya ke tara ƙarfi, ɗaya kuma ke ƙara tauri.

To, mutum ba shi da manomin da zai tona shi ya duba. Zuciya kuwa ba shaidar kirki ba ce a wannan shari'a, domin tana da hannu a cikin ƙarar. Ita ce ke ce mana, "Bari sai gobe," ta kuma kawo hujja goma. Saboda haka muke ganin a kira wani mai shaida, wato jiki. Masu iya magana sun ce jiki magayi. Galibi akan yi wannan karin magana ne ga mai kunnen ƙashi, wanda sai ya sha wuya zai gane. Mu a nan muna so mu ɗauke ta a kan fuskarta: jiki yana faɗa, saura a sami mai saurare.

Abu na farko da jiki ke faɗa shi ne inda nauyin yake. Gajiyar gaskiya tana da mazauni. Wanda ya yini a tsaye yana jin ta a ƙugu da sharaɓa, wanda ya kwana kan littafi yana jin ta a ido da wuya, kuma kowannensu ya san inda ya samo ta. Kasala kuwa nauyi ce marar mazauni. Ta mamaye ƙirji da gaɓoɓi gaba ɗaya, in aka ce nuna wurin, sai a rasa.

Na biyu shi ne yadda ake tashi. Wanda ya yi ƙailula bayan aikin safe yakan tashi ya yi miƙa, ya ji yunwa, ya ji yana marmarin mutane da abin da ya bari. Hutunsa da kansa ya kai ƙarshe. Mai zaman kashe wando kuwa yakan tashi da gajiyar da ta fi wadda ya kwanta da ita. Barcin rana ya ƙi isarsa, na dare ya ƙi zuwa, abinci ya zama na cika ciki kawai, Litinin da Alhamis su zama ɗaya a wurinsa.

Na uku gwaji ne mai sauƙi. Mutum ya tashi ya taka, ko da zuwa bakin titi ne ya dawo, ko ya ɗebo ruwa, ko ya share ɗaki. In jikin gajiyayye ne, motsin zai ƙara masa nauyi, sai a koma a kwanta da zuciya ɗaya, ba tare da jin kunya ba. In kuwa zama ne ya daskarar da shi, kafin a je a dawo za a ji numfashi ya buɗe, kai ya washe. Sirrin dai shi ne a tambayi jiki bayan an motsa. Wanda ya tambaye shi yana kwance kan katifa, muryar son zuciya zai ji.

Binciken likitoci ya ƙarfafa wannan. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 a gado har mako uku. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki da iska ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake auna mutanen nan, sai aka tarar tsufan shekara 30 bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage ba. Tun kafin nan, a 1953, Jeremy Morris ya nuna cewa direbobin bas na Landan, masu yini a zaune, sun fi kwandastocinsu masu hawa da sauka kamuwa da ciwon zuciya. Ashe kifi bai yi ƙarya ba da ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi.

Sai dai akwai hanzari biyu da ya wajaba mu kawo. Na farko, ba kowane mutuwar jiki ne lalaci ba. Ƙarancin jini da ciwon sukari da ciwon damuwa duk suna zuwa da wannan kama. Wanda ya yi mako biyu ko fiye komai ya fita daga ransa, motsi kuma bai sauƙaƙa masa ba, likita yake bukata, gori ba zai yi masa magani ba. Haka nan wanda rashin aiki ya zaunar, ba shi ya zaɓi zaman ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya zama saura ko ya zama fako kafin damina ta zo: ya koyi sana'a, ya karantar da ƙanne, ya riƙe littafi.

Na biyu ya fi shafar mu malamai da ɗalibai masu ƙwazo. Akwai wanda tsoron a kira shi rago ya hana shi hutawa sam. Ko ya kwanta, takardun jarrabawa da kuɗin haya suna kansa, haƙora a cije, kafaɗu a ɗage. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a ka. Shi ma jikinsa yana faɗa, da ciwon kai da hawan jini da saurin fushi, shi ma ya toshe kunne. Laifinsa da na rago ɗaya ne, wato kowannensu ya ƙi gaya wa kansa gaskiya.

A nan ne batun ya zama na ɗabi'a. Jiki amana ne, lokaci ma amana ne, kuma ba wanda zai iya yi wa wani wannan hisabi. Uwa tana iya yin faɗa, malami yana iya yin nasiha, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka duk ran da muka sami kanmu a inuwa, ya kamata mu tambayi gaɓoɓinmu: wace rana muka sha da ta kawo mu nan, kuma yaushe za mu tashi? In amsa ta zo, mu sha inuwarmu cikin kwanciyar hankali. In kuwa shiru ya biyo baya, to, mu kakkaɓe riga tun la'asar ba ta yi ba.