Agogon Jabu: Wane Ne Ya Yi Ƙarya?

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa zuwa Yamai ci-rani ko sayayya, ka san Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye a 1982, anka sake gina ta, anka buɗe a 1987. A kewayenta za ka gamu da ƴan tebur da samari masu yawo da agoguna. Wani zai tare ka ya ce: "Alhaji, ga Rolex, kawo jika biyar." Kai da ka koyi karatu, ka duba fuskar agogon, ka ga lalle an rubuta Rolex. To amma sabon Rolex na gaske kuɗinsa miliyoyin sefa ne. Ashe wannan na jabu ne.

Ga tambayarmu ta yau. In ka saya ka ɗaura, ka yi ƙarya ko ba ka yi ba? In akwai laifi, na wane ne? Na wanda ya ƙera, ko na wanda ya sayar, ko naka?

Bari mu fara da sanin agogon kansa. Agogon hannu iri biyu ne. Akwai na dauri, wanda ake yi wa wani. A cikinsa akwai siririn ƙarfe mai naɗi, da ƙananan ƙafafu masu haƙora. In ka murɗa, ƙarfen ya naɗe, sai ya riƙa warwarewa sannu sannu yana tura hannuwan agogo. Wani irin ma motsin hannunka ne ke yi masa wani. Akwai kuma mai pil. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irinsa na zamani, wanda ake kira quartz, a watan Disamba na 1969. Agogo mai pil ya fi na dauri riƙe lokaci daidai, daga baya kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Saboda haka masana'antu da yawa na ƙasar Suwis sunka rufe. Masu aikin agogo a can sun kai wajen 90,000 a 1970, amma cikin shekara 15 sunka koma wajen 30,000.

Kamfanonin da sunka tsira sai sunka sake dabara. Sunka mayar da agogon dauri kayan ado da alfarma, irin na masu hali. Rolex yana cikinsu. Wani Bajamushe mai suna Hans Wilsdorf ne ya kafa kamfanin a birnin Landan a 1905, daga baya ya mayar da shi Janeba a ƙasar Suwis. Yau ga shi kowa yana duba lokaci a wayarsa. Wanda ya sayi agogo mai tsada, mafi yawa suna yake saye. Inda suna ya yi tsada kuwa, nan masu jabu ke taruwa. Mafi yawan na jabu daga ƙasar Sin ake kawo su.

Akwai mutum uku da ya kamata ka bambanta. Na farko shi ne mai tara tsofaffin agoguna don sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Yana neman Omega ko Seiko na zamanin iyayenmu, ya wanke, ya gyara, ya adana. Na biyu shi ne mai haɗawa. Ya ɗauko inji daga wannan agogo, fuska daga wancan, maɗauri daga wani, ya haɗa agogo ɗaya mai aiki. Na uku shi ne mai buga sunan wani a kan kayan da ba na mai sunan ba.

Na farko ba shi da laifi, muddin bai hana iyalinsa hatsi don agogo ba. Na biyu ma gwani ne. Wanda ya tayar da mataccen agogo ya yi aikin kirki, kamar makanisiyen da ke tayar da tsohuwar mota da kayan wata. Amma tsakaninsa da na uku taki ɗaya ne. Ranar da ya ce wa mai saye, "Haka ya fito daga kamfani, ba a taɓa buɗe shi ba," ranar nan ya koma na uku.

Don mu gane wannan da kyau, tambayi tsofaffin garinku labarin liyari. Kuɗin azurfa ne mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar ƙasar Ostiriya. Fatake sun yi ciniki da shi a ƙasar Hausa da Barno, maƙeran farfaru kuma sun narka shi sun yi mundaye da zobba. Sarauniyar ta rasu a 1780. Amma anka ci gaba da buga liyari bayan rasuwarta, har a Landan da Faris da Roma, kuma kowane ɗaya 1780 anka rubuta a kansa. Ke nan shekarar da ke jikinsa ba ita ce shekarar da anka buga shi ba. Duk da haka ba a kira shi jabu ba. Me ya sa? Domin abin da mutane ke nema a jikinsa azurfa ce, kuma azurfar tana nan cif, nauyin liyarin duka kuwa wajen giram 28. Liyarin jabu shi ne wanda anka cika da dalma anka shafe bayansa.

To haka agogo yake. Suna alkawari ne. In an rubuta Rolex, ana ce maka ne ga waɗanda sunka yi shi, ga irin ƙarfensa, ga irin injin da ke ciki. In ka buɗe ka tarar ba haka ba, an saɓa alkawari.

Laifin mai sayarwa a fili yake in ya ɓoye gaskiya. Malamanmu da ke karantar da Risala sun sha faɗa mana cewa algus da ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki. Kai ma ka sani daga kasuwar ƙauyenku. Wanda ya zuba tsakuwa a ƙasan buhun hatsi, ya rufe da tsaba mai kyau, ba ya son a tona. Wanda ya ƙera na jabu ma yana da nasa. Ya ɗauki sunan da wasu sunka yi shekara fiye da 100 suna ginawa, kamar mai ɗora shaidar wani makiyayi a kan raƙuminsa don ya yi tsada. Doka ma ta hana. Nijar tana cikin ƙasashen da sunka sa hannu a yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ke kare tambarin masu sana'a.

Saura kai mai ɗaurawa, kuma nan ne maganar ta yi wuya. Za ka iya cewa: "Mai tebur bai ruɗe ni ba. Na san na jabu ne, shi ma ya san na sani. Wa na cuta? Talaka ba zai yi ado ba ke nan?" Wannan magana tana da ƙarfi. Ado ba laifi ba ne. Matanmu suna sa ƴan kunne masu ruwan zinariya, kowa ya sani, ba wanda ke kiran su maƙaryata. In agogon ya ba ka sha'awa ne kawai, ka ɗaura ranar salla ko ranar biki, ban ga wanda ka zalunta ba sai ɗan abin da ka ƙara wa kasuwar masu jabu.

Amma ka tambayi zuciyarka abin da kake son agogon ya faɗa a kanka. A ce ka dawo daga ci-rani hannunka ba komi. Ka ɗaura shi, ka tafi neman bashi wurin ɗan kasuwa, ko neman aure gidan mutane. Suna kallon hannunka suna cewa yaron nan ya samo. Bakinka bai ce komi ba, amma agogon ya yi magana a madadinka, kuma don haka ka saye shi. In sun ba ka bashi ko sun ba ka ɗiyarsu saboda abin da sunka gani, ka ci amanarsu. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ruwan zinariyar zai goge, ranar biyan bashi kuma za ta zo.

Ga ma'auni mai sauƙi. In abokinka ya kama hannunka ya ce, "Wannan na gaske ne?" za ka iya yin dariya ka ce, "Ina! Na jika biyar ne"? In za ka iya, ado kake yi. In gabanka ya faɗi, ka fara kame-kame, to akwai abin da kake ɓoyewa.

Kada kuma mu ɗora wa talaka laifi duka. Wanda ya sayi Rolex na gaske da kuɗin da ya sata daga asusun jama'a, agogonsa na gaske ne, amma ya fi mai na jabu ruɗin mutane. Mu ma muna da namu kason. Mu ne ke tashi mu ba mai agogo tabarma, mu bar manomin da ya cika rumbu a tsaye. Da ba mu auna mutum da abin da ke wuyan hannunsa ba, da masu jabu sun rasa kasuwa.

In lokaci kake so ka sani don salla, ko shan magani, ko kama mota a tasha, akwai agogo mai araha da ke ɗauke da sunansa na gaskiya. Seiko 5 yana nan tun 1963, ƙaramin Casio baƙi mai lamba F-91W tun 1989. Su ma ana yin jabunsu, saboda haka ka yi amfani da karatunka. Karanta sunan baƙi bayan baƙi, don wani lokaci ana sauya harafi ɗaya. Juya bayansa ka duba. Tambayi mai kaya kai tsaye, a gaban shaida. In tsohon agogo ne mai tsada, ka kai wa mai gyaran da ka amince da shi ya buɗe kafin ka biya.

Ƴan'uwa, ku kai wannan magana ajinku na yaƙi da jahilci, ku tattauna da malaminku. Wanda ya yi shiru, ya bar mutane sunka zaci abin da ba shi ba ne, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Ku rubuto mana ra'ayinku da hannunku.