Bokiti mai famfo

A shekarar 2020, lokacin da korona ta shigo, da wuya ka je ƙofar banki ko asibiti ko babban masallaci ba ka tarar da bokiti mai famfo ba: an ɗora shi kan benci, ga roba a ƙasa tana tarar ruwa, ga sabulu a gefe. Ba ka shiga sai ka wanke hannu. A watan Afrilu aka kulle Kano, kasuwanni suka tsaya cik, har sallar Juma'a aka dakatar.

Da aka sassauta doka, bokitan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Na unguwarmu na sake ganinsa a baron wani yaro, cike da zoɓo, ana tara kofi a bakin famfon. Ban ga laifin yaron ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daminar da ta biyo baya, ta 2021, ita ta zo da cutar da ta fi kowace buƙatar wannan bokiti.

A shekarar ta 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Adadin ya ɗara duk mace-macen korona da hukumar ta rubuta a ƙasar. Amma ban ga mai gadin da ya tare kowa a ƙofa ya ce a wanke hannu ba.

Korona baƙuwa ce, ta zo da sanarwa da shingen 'yan sanda. Kwalara kuwa 'yar gida ce. "Amai da gudawa ne," in ji mu, kamar yadda za mu ce mura. Ruwan sama ya cika masai, ya kwashi bahayan bayan gari ya zuba a rijiya, a ɗebo a cika randa, kowa ya tsoma moɗa har da yatsunsa. In an kawo tuwo, kwano ɗaya na wanke hannu zai zagaya: maigida ya fara, autan gida ya ƙare a ruwan da ya riga ya yi duhu. Tarbiyya ce mai kyau babba ya fara, ni ma da ita na tashi, sai dai ƙwayar cutar a wurin ƙaramin take tarewa. Amfanin famfo ke nan: ruwan da ya taɓa hannunka ya tafi, ba ya komawa hannun wani.

In ciwon ya kama mutum, sai a ɓoye shi a ɗaki don kunya, ana jiƙe-jiƙe, har idanu su faɗa. Alhali kwalara tana iya tsotse ruwan jiki cikin sa'o'i. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi a hanyar asibiti, ya ceci rayuka da yawa.

Bara na sayi bokiti irin wancan, na ajiye tsakanin masai da madafa. Inna ta dube shi ta ce, "Korona ce ta dawo?" Na ce a'a, Inna, damina ce ta ƙarato. Ta yi shiru, sannan ta aiki jikanta ya ɗauko sabulu.