Waƙa Ba Ta Bin Mai Ita Kabari

Sana'ata tura waƙoƙi ce a waya da memori a kasuwar Farm Centre ta Kano, don haka duk sabon albam da ya fito sai ya ratsa ta kwamfutata kafin ya shiga kunnuwan jama'a da dama. Farkon shekara lokacin mawaƙan soyayya ne, musamman Nura M. Inuwa da ya sabar wa masoyansa da sabon kundi a irin wannan lokaci. Ga Umar M. Shareef da Ali Jita, ga samarin gambarar zamani irin su DJ AB da ClassiQ. Rabi'ul Awwal na kamawa sha'irai masu begen Annabi (SAW) za su cika kasuwa da mandiri da fiyano. Daga kudu kuma na Burna Boy da Davido da Asake suna shigowa ba ƙaƙƙautawa.

A cikin wannan hada-hada akwai tambayar da ba ta barin bakin shagona. Saurayi zai miƙo waya, yana jiran ta cika, sai ya sassauta murya ya ce, "Malam, don Allah wai kiɗan nan haramun ne?" Abin da nake gaya masa shi ne abin da na ji a gaban malamai. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki da Idi. Ibn Hazm na Andalus ya ce hadisan hanin ba su inganta ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u kan sauraron waƙa, ya rataya hukuncin a kan abin da ake faɗa da halin mai saurare. Saɓani ne tsoho, kuma ba a shagon tura waƙa za a warware shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan gardama ta shanye mana wata tambaya wadda babu saɓani a kanta: me aka faɗa a cikin waƙar, kuma wa zai ɗauki nauyinsa? Ko wanda ya fi kowa sassauci a kan ganga bai halatta ƙarya da batsa da cin mutunci ba. Ƙarshen Suratush Shu'ara ya zargi mawaƙa masu faɗin abin da ba su aikatawa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari. Hassanu bin Sabit mawaƙi ne, kuma a gaban Manzon Allah (SAW) yake rera baitocinsa. Ashe ma'aunin yana kan harshe.

Nauyin harshen nan ya ƙaru a zamaninmu. A da makaɗi zai yi wasa a dandali, gari na wayewa waƙa ta watse, sai ɗan abin da ya maƙale a kan mutane. Yanzu abin da aka ɗauka a sitidiyo ya zauna ke nan. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma kotso da kalangu da kuntigi suna nan a kwamfutata. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da kan zo da 'yar ƙaramar wayarsa ɗaure da roba, ya ce, "Yaro, sa mini Shata, ka haɗa da Ɗanƙwairo, kada ka sa mini na yaran nan." Mutanen da yake saurare suna kabari, maganarsu tana aiki a zuciyarsa. An koya mana cewa wanda ya assasa alheri yana da ladan duk wanda ya bi shi, wanda ya assasa sharri ma haka. Ina ganin babu mai sana'ar da wannan magana ta fi shafa kamar mawaƙin yau.

Duba yadda waƙa ɗaya ke tafiya. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta fito a 2020, lokacin kullen korona, cikin 'yan kwanaki ta shiga gidaje, matan aure suna taka rawa gaban mazajensu ana ɗora bidiyon a intanet, malamai da marubuta suna ta muhawara. Mai waƙa ya saki abinsa, daga nan kuma ba shi da iko da inda za ta je. Duba kuma Mdou Moctar, Buzu mai jita daga Nijar. Albam ɗinsa na 2024, Funeral for Justice, da Tamashek ya rera shi, yana kuka kan zaluncin da ake yi wa Afirka da rawar da Faransa ta taka a ƙasarsa. Jitar da wani ke raka batsa da ita, da ita shi ya nemar wa talakawa haƙƙi. Sai kuma mawaƙan siyasarmu, masu kai mutum sama bana, baɗi su zage shi tas saboda an sauya mai biya. Waƙoƙin biyu duk suna nan a ajiye, kuma za a tambayi mai su a kan kowacce.

Nauyin bai tsaya kan mawaƙi shi kaɗai ba. Mai haɗa kiɗa yana da kaso, mai ɗaukar nauyi yana da kaso, mu masu turawa muna da namu. Shi ya sa nake sauraron kowane albam kafin na sa shi cikin kayan sayarwa, wanda na ji ya wuce gona da iri sai na ajiye shi gefe ko da ana nemansa. Mai saurare ma ba a bar shi ba, domin ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne ranar gobe.

Don haka, ɗan'uwa mawaƙi, kafin ka saki sabon kundi, ka zauna ka saurare shi baiti bayan baiti, ka cire duk wanda ba ka so a ci gaba da kunnawa bayan an yi maka sallah. Kai kuma mai saurare, ka tace abin da kake zubawa a wayarka, domin 'ya'yanka suna ji tare da kai.